Rariyar Inna a Gaban Barkono

Dogon Dutsi, 9 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Yaya Karima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da karatu da mutanen Yamai. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da takan kumbura in ta daɗe a tsaye. Ni ce Hanifa, ɗiyar Baba Maikano bakanike. Kakanki da kakana uwa ɗaya uba ɗaya. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, wajen suna a Ɗan Kassari. Ni ce wadda ta ɓuya bayan randa da aka ce in zo in gaishe ki.

Kafin in rubuta saƙon Baba, zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna. Baba ba ya gani sosai. Shekara biyu ke nan wani farin abu ya fara rufe masa ido. Yana ganin mota, amma ba ya ganin kan noti, ba ya ganin allurar mai da ke gaban direba. Ni nake gani masa. Da safe nakan jera masa kile-kilen kwance noti a kan buhu, daga ƙarami zuwa babba. In ya miƙa hannu ga wanda ba shi ba, sai in yi ɗan tari. In mai mota yana tsaye, sai in sunkuya kamar ina tsintar abu, in ce a hankali, "kile lamba sha uku," ko "yana ɗiga ta hagu." Ni da shi ba mu taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya. Mutane sun ɗauka abinci nake kawowa in zauna don rashin abin yi. Da na gama firamare bara na ce wa kowa ba na son kwaleji. Ba haka ba ne. Ban ga wanda zan bar wa tarin ba.

Na gaya miki ne don ki san duk abin da za ki zana, ni zan duba. Don Allah ya tsaya tsakaninmu.

Ga saƙon Baba. Akwai wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a bayan cocin mishan, Mushe Alphonse, kamar yadda ake kiran malamai a nan. Yana da wata tsohuwar motar gudu, ja, mai ƙofa biyu, ba rufi, wadda wani likita Bature ya bar masa da zai koma gida. Duk gari Barkono ake ce mata. Ta girmi Inna. A cikinta ya ɗauko matarsa Madam Angèle daga Tibiri shekara arba'in da suka wuce, kuma ya yi mata alkawari a cikinta zai kai ta gida bikin Ista na bana, 20 ga Afrilu, tsakiyar zafi.

Ciwon Barkono shi ne, in ta yi tafiyar rabin awa a rana, baƙin mai yakan tsinke ya zama kamar ruwan shayi, allura ta faɗi, inji ya fara ƙas-ƙas. Radiyatan ruwa lafiyarsa lau, sau biyu muka wanke shi. Baba ya ce sai an ƙara mata ƙaramin radiyata na baƙin mai, ga shi babu irinsa a nan. Ya ce tun da kina koyon kanikanci a babbar makaranta, ki nemo mana a kasuwar tsofaffin kayan mota, ki zana mana yadda ake ɗaurawa.

Ki ba Is'haƙa direba amsa, shi ya kawo miki wannan. Kada ki kira wayar Baba ki ce a ba ni. Murya takan maƙale mini a waya.

Ƙanwarki,
Hanifa

*

Yamai, 18 ga Fabrairu, 2025

Hanifa 'yar bayan randa,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai zafi da ya fara da cunkoson babura. Ki gai da Baba Maikano da Inna, Allah ya ba ƙafa sauƙi. Na tuna ki sarai! Ƙafafunki kaɗai na gani ranar, da jan silifa.

Na karanta maganar idon Baba sau uku. Ba zan gaya wa kowa ba. Amma ki ji: wannan farin abu yanar ido ce, kuma ana cire ta. Malaminmu an yi wa mahaifiyarsa, yanzu ita ke zura zare a allura. Likitocin ido za su sauka a Doso ranar 28 ga Afrilu, kwana uku, sai dai a rubuta suna kafin ranar. Ki gaya masa.

Kayan suna cikin kwali. Na sha yawo kafin in samu, wani mai shago har da ce mini wa ya aiko ni, wai ko mijina. Na ce masa injin ne ya aiko ni. Akwai ƙaramin radiyatan, da tiyo biyu, da wani zagayayyen faranti mai baki biyu. Ku kwance filtar mai, ku ɗaura farantin a wurinta, ku mayar da filtar a kansa. Tiyo ɗaya yana fitar da mai mai zafi, ɗaya yana dawo da shi a sanyaye. Kada tiyo ya taɓa bututun hayaƙi, zai narke. Radiyatan kuma ku ɗaura shi can ƙasa a gaba, ƙarƙashin bamba, inda iska ta fi bugawa, kamar yadda na zana. In kun gama ku ƙara mai kusan rabin lita, don sabbin kayan ma suna shan nasu.

Saura mini wata biyar in gama. In na zo zan karɓi aikin garejin nan ki huta, ke ma ki san me ake ciki a duniya. Yarinya kamarki ba ta zama ƙarƙashin mota tana tari!

Yayarki,
Karima

*

Dogon Dutsi, 6 ga Maris, 2025

Yaya Karima,

Sallama da fatan alheri. Ya azumi? Mu muna lafiya, ƙafar Inna ta saɓe. Kwali ya iso, babu abin da ya lanƙwashe.

Na karanta wa Baba wasiƙarki. Maganar ido ban karanta ba, don zai gane na tona masa asiri. Da na zo inda kika ce injin ne ya aiko ki, ya yi dariya har ya ƙware. Ya sa na maimaita sau uku. Yanzu duk wanda ya shigo gareji sai ya ji labarin. Ya manna zanenki a bango da ƙusa, sama da hoton ranar da ya buɗe garejin. Ba ya ganin zanen, amma yakan nuna wa mutane da kile ya ce, "Ku duba hannun ɗiyata ta Yamai. Injiniya ce!"

Ni shekara biyu ina nan. Ban taɓa jin ya ce a duba komai nawa ba.

Mun yi aikin cikin kwana uku, da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Filtar ta ƙi kwancewa, sai da Baba ya naɗa mata tsohon bel ya murɗa. Farantin ni na ɗaura, don hannuna ne kaɗai ke shiga wurin. Na shafa wa robarsa mai da yatsa kafin in zaunar da shi, ba ki rubuta haka ba amma haka Baba yake yi wa filta. Tiyo ɗaya ya so ya kwanta a kan bututun hayaƙi, na ɗaure shi gefe da waya, na sa masa guntun robar taya inda yake gogar ƙarfe. Radiyatan yana can ƙasa, daidai inda kika zana. Ban canza komai ba.

Mushe Alphonse kullum yana nan a kan benci da hularsa ta kaba, yana ba mu umarnin da ba wanda ya tambaya. Shekaranjiya Madam Angèle ta biyo shi da maganinsa na hawan jini. Ta leƙa motar ta ce, "Maikano, har yanzu kuna fama da tsohuwar nan? Na girme ta, amma ni ba a sa mini tiyo."

Mushe ya ce, "Angèle, ke ma in rana ta yi sai an yi miki fifita."

Ta ce, "To ka fara da ni, ka bar ƙarfe."

Da suka tashi tafiya Mushe ya ce, "Maikano, mun gode wa injiniyar Yamai." Ni ina ƙarƙashin motar lokacin, mai yana ɗigo mini a kunne.

Ranar da muka gama, Baba ya shafa akwatin kilensa, na ƙarfen nan mai launin kore da ya gada wajen maigidansa, ya ce, "Alhamdu lillahi, akwatin nan ya sami magaji." Na san wa yake nufi. Ke ma ai kin rubuta: za ki karɓi aikin in huta. Ban ce na gaji ba, Yaya. Ban san wa ya gaya miki na gaji ba.

Mushe ya ce a bar gwaji sai bayan Salla, lokacin da zafi ya kai zafi.

Hanifa

*

Dogon Dutsi, 25 ga Maris, 2025

Yaya Karima,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, sai Baba da ya yi mura kwana biyu, ya warke.

Sau uku Is'haƙa yana dawowa daga Yamai hannu wofi. Na je tasha na tsaya nesa, sai shi ya hango ni ya girgiza kai. Na gane. Mai karatu a babbar makaranta ba ta da lokacin amsa wa 'yar firamare. Ko kuma rubutuna ne ya ba ki dariya, kika nuna wa ƙawayenki.

Baba kullum sai ya tambaya, "Ɗiyata ta aiko?" Jiya na kusa in ce masa ɗiyarsa tana nan tsaye riƙe da gwangwanin mai.

Ba sai kin amsa ba. Barka da Salla tun yanzu.

Hanifa

*

Dogon Dutsi, 7 ga Afrilu, 2025

Yaya Karima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin yi Salla lafiya. Jikinmu lafiya. Sauran ba lafiya ba, kuma ni na jawo.

Ranar Asabar aka yi gwaji. Mushe ne ke tuƙi, Baba a gefensa, ni a ɗan lungun baya da gwiwoyina a haɓa, inda nake iya hango allura ta saman kafaɗar Mushe. Mun fita da azahar da gangan. Yaya, abin ya yi aiki. Mun wuce rabin awa allura tana tsaye cak. Mushe yana waƙar coci da ƙarfi, Baba yana buga ƙofa da tafin hannu yana cewa, "Karima! Karima!"

Bayan Kiyeshe akwai inda ake gyaran kwalta, motoci suna ratsewa ta jar ƙasa mai tsakuwa. Wata babbar mota ta wuce mu. Na ji ƙarar dutse a ƙasa, tau! Sai na ga allura tana sauka kamar an sake ta. Mushe bai lura ba, yana waƙa. Baba ba ya gani. Na yi tari. Na sake yin tari. Wa zai ji tari a cikin wannan iska? Sai na ji wata murya ta ce, "A KASHE INJI!" Ashe tawa ce. Mushe ya taka birki ya murɗe makulli har hularsa ta tashi.

Mai ya yi layi a bayanmu kamar an ja igiya. Injin bai ƙone ba, Allah ya tsare. Amalanken shanu ne ya jawo Barkono zuwa Kiyeshe, yara suna bin mu suna tafi, daga nan Is'haƙa ya ja mu gida.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na san haka za ta faru. Tun ranar da na buɗe zanenki na sani. Duk motar da ta shigo garejinmu ni nake shiga ƙarƙashinta. Babu wadda ƙasan gabanta bai lotse da duwatsu ba, babu wadda ban tsince wa ƙarangiya da waya ba. Abu mai laushi kamar saƙar zuma irin radiyatan nan ba ya rayuwa a wurin nan a hanyoyinmu. Na sani, na ɗaura shi da hannuna, na ƙara matse notin. Ina so ya fashe. Ina so Baba ya cire takardarki daga bango ya ce ashe injiniyar ma tana kuskure.

Amma ba haka ya ce ba. Da muka iso gida ya zauna a kan benci bai ko wanke hannu ba. Ya ce wa Mushe, "Alphonse, ka yafe mini. Zanen yarinya daidai yake. Ni ne ban matse bakin tiyo ba. Idona ya ƙare, na daɗe ina ɓoye maka." A gaban mutane ya faɗa, Yaya. Abin da muka rufe shekara biyu.

Mushe ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Maikano, mota ce fa kawai." Amma muryarsa ba ta ce haka ba.

Tun ranar Baba bai buɗe gareji ba. Ya mayar da motar mutum biyu. Ya sa an ɗauko akwatin kile an ajiye a zaure, ya ce in rubuta miki ki zo ki ɗauka ko a ba Is'haƙa ya kai miki, shi ya gama. To, na rubuta. Saƙonsa ke nan, ban rage ba.

Na so laifi ya faɗa kanki, sai ya faɗa kansa. Ban san yadda zan ɗauke shi ba. In na buɗe baki a gabansa babu abin da ke fitowa.

Ki zage ni in kina so. Amma ki amsa.

Hanifa

*

Yamai, 11 ga Afrilu, 2025

Hanifa,

Lafiyata lau yanzu. Ki gai da su Inna. Wasiƙunki uku a tare na same su jiya. An tura mu koyon aiki wani gareji a Tilaberi wata guda, na dawo da zazzaɓi. Babu wanda na nuna wa rubutunki. Wace irin mutum kika ɗauke ni?

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Da injin nan ya ƙone fa? Da birkin ya jefa ku rami, da tsofaffi biyu a gaba? Don kawai a cire takarda daga bango! Na ninke wasiƙarki na jefa ƙarƙashin gado, sai da na ci abinci na ɗauko.

To, ga tawa gaskiyar, tun da ranar faɗin gaskiya ce. Zanen nan daga littafi na kwafe shi. Littafin ƙasar da hanyoyinta suke kamar faranti. Ban taɓa ganin Barkono ba, ban taɓa kwance filtar da ta ƙi kwancewa ba. A ajinmu mu talatin da biyu ne a kan inji ɗaya, wanda ba ya tashi. A Tilaberi wata guda na yi ina wanke noti a cikin kalanzir, maigidan bai yarda na taɓa mota ba. Da na karanta yadda kika sa robar taya inda tiyo ke gogar ƙarfe, sai da na sake karantawa. Ba a koya mana wannan ba. Ke kina da uba da ke miƙo hannu ya san za ki sa masa abin da yake nema. Nawa ya rasu ina aji uku. Kina tsammani ke kaɗai kika iya kishi?

Da na ce ki huta, kwaleji nake nufi, sakarya. Ina nufin in riƙe miki wurin ki je ki dawo.

Ba zan karɓi akwatin ba. Ki gaya masa in ji ni. Sauran kuma ba ni zan faɗa masa ba, ke za ki faɗa. In baki ya ƙi, ai kin san hanyar da yake gani da ita.

Sai maganar Doso. Kin ce ba ki karanta masa ba don kada ya san kin tona asiri. Yanzu shi da kansa ya tona. Saura wane dalili?

Karima

*

Dogon Dutsi, 22 ga Afrilu, 2025

Yaya Karima,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini zargin da na yi miki. Mu nan lafiya, Baba ya koma cin abincinsa.

Na yi yadda kika ce. Na kwance radiyatan na kai masa zaure. Na kama yatsansa na ɗora a bakin tiyo na farko, ya ji a matse yake. Na biyu ma haka. Sannan na kai yatsan kan ramin da dutse ya huda. Ya daɗe yana shafawa. Har ɗan guntun tsakuwar yana ciki, ya ƙwaƙulo shi da farce.

Ya ce, "Dutse ne."

Na ce, "Dutse ne, Baba. Wurin ya yi ƙasa da yawa."

Ya ce, "Yaushe kika gane?"

Na ce, "Tun ranar farko."

Ya juyo da fuskarsa wajena. "Me ya hana ki faɗa?"

Na ce, "Ba ni kake tambaya ba."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na jira faɗa. Ya jujjuya guntun tsakuwar a yatsunsa. Can ya ce, "Kin kusa kashe injin mutum, Hanifa. Wannan sai kin je kin faɗa wa Alphonse da bakinki." Sannan ya miƙo mini hannu ya ce, "Tashi ki nuna mini inda kike so a sa shi."

Zuwa gidan Mushe ya fi mini komai wuya. Na faɗa ina kallon ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara talatin ina koyarwa, na san yaron da ya san amsa ya ƙi ɗaga hannu. Saura kwana bakwai. Ki gyara abin da kika ɓata." Madam Angèle ta ba ni ruwan sanyi ta ce, "Ashe kina da murya. Alphonse ya ce har yanzu kunnensa na hagu yana ƙara."

Sama'ila mai gyaran radiyata ya toshe layin da ya huje. Na gwada shi kamar yadda ake gwada tiub ɗin taya: na toshe baki ɗaya, na hura iska da famfon keke, na nutsa shi a bahon ruwa. Ba kumfa. Mun ɗaga shi sama, bayan ragar gaba, gefe ɗaya a gaban radiyatan ruwa don kada ya tare masa iska duka. Na lanƙwasa ƙarafa biyu na riƙe shi, da roba a tsakani. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na ɗauki rariyar da Inna take tace wake, mai manyan ramuka, na yanke wayar na ɗaura a gabansa. Inna ta neme ta kwana biyu. Da ta gano inda take, ta tsaya a gaban Barkono riƙe da ƙugu ta ce, "Wato ni in ci tsakuwa, mota kada ta ci!"

Ranar Lahadi bayan sun fito coci suka tafi. Madam ta sha ɗaurin kallabi, ta ɗaure shi da wani gyale don iska. Ni da Baba muka bi su a motar Is'haƙa da galan ɗin mai, ko da za a buƙata. Ba a buƙata ba. A ratsen bayan Kiyeshe na rufe ido, na ji duwatsu suna buga mu, na buɗe na ga jar motar tana tafiya abinta. Da muka isa Tibiri dangin Madam suka fito da guɗa. Wata tsohuwa ta rungume ta, ta rungume Mushe, ta rungume motar. Na leƙa gaba: tsakuwa huɗu a maƙale a rariyar Inna. Suna cikin aljihuna.

Wani ya tambayi Baba wa ya yi wannan aiki. Ya ce, "Yarana ne." Yarana, Yaya. Mu biyu. Na san gaskiya ya faɗa, ba don ke ba babu radiyata. Amma sai da na ji zafi. Zanenki ma yana nan a bango. Ba zan yi miki ƙarya in ce kishin ya tafi ba. Ya dai rage girma, yana shiga aljihu tare da tsakuwar.

Akwatin ya koma gareji. Bai sake cewa na wane ne ba.

Saura tambayarki. Babu wani dalili sai wanda kika riga kika gane. In aka buɗe masa ido, ba ya buƙatar mai tari. Zai ɗauki sha uku da kansa, ya duba allura da kansa, ni kuma in koma mai kawo abinci. Wata biyu ina riƙe da wannan layin naki kamar yadda na riƙe maganar dutse, kuma na ga inda waccan ta kai mu.

Jiya na je tasha. Ban tsaya nesa ba, na je har gaban Is'haƙa na yi magana. Na ba shi sunan Baba a takarda ya kai Doso a rubuta, na ce ya ajiye mana wuri biyu ranar Litinin. Ba wanda ya sani tukuna, ko Inna. Gobe in ya dawo daga masallaci da safe zan ɗauko wasiƙarki ta farko in karanta masa layin da na tsallake.

Mushe zai kawo Barkono juyen mai a farkon wata. Na roƙe shi kada ya wanke gabanta. In an cire wa Baba bandeji, ina so ya tsuguna ya dubi ɗaurin rariyar nan da idonsa. In ya ga aikin bai yi ba, in kwance. In ya ga ya yi, shi ya san hannun da ya ɗaura.

Ƙanwarki,
Hanifa